Rumbun da Ya Ɓace a Kwamfutar Mode

Mode bai yarda da mutum sai ya gwada shi, kuma ko ya gwada shi yakan bar ido guda buɗe. Da wannan hali ya noma albasa a fadamar Goronyo tun sanda anka fara sako ruwan dam, da shi ya tara abin da ya tara. Irin albasa ma sai ya murza a tafin hannu ya shinshina kafin ya saya.

Sai ga shi ya ba da ɗiya. Jelani, mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Wurno, ya nemi Safara'u, ɗiyar Mode ta fari, ita ma tana so. Mode ya sa anka tono masa asalin yaro har kakanni, bai samu abin kamawa ba, ya ce to. Anka tsaida magana: Juma'a mai zuwa baffannin Jelani za su zo a sa rana.

Kwamfuta ce ta gitta.

Ƙanensa da ke aiki a Sakkwato ne ya bar masa ita, tsohuwa, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Mode bai karanta boko, amma ya san inda ake taɓawa a ga kokawa, ya san inda ake taɓawa a ga mahaifiyarsa. Inna Laraba ta rasu daminar bara, amma tana nan cikin kwamfuta, zaune bisa tabarma tana tsintar wake tana zagin mai ɗaukar hoton. Don haka ko gona za shi sai ya ɗaure ta bayan mashin. In ya tada injin ban-ruwa ya sa tiyo a fangalin albasa, sai ya ɗora ta bisa ƙarfen injin, tun da nan kaɗai ne ruwa da laka ba su kaiwa, ya zauna yana kallo har fangali ya cika.

Kwanakin baya ta fara zafi tana mutuwa da kanta. Habi, matar Mode, ta aika da ita wurin Jelani, ya share mata ciki ya maido. Ba a jima ba, wata safiya a gona, Mode ya danna ta. Ba kokawa, ba Inna Laraba. Allo baƙi ƙirin, da ɗan rubutun Turanci a kusurwa kamar sawun tururuwa.

Ya kashe, ya kunna. Haka. Ya ɗaga ta ya ba ta mari biyu a gefe yadda yake wa rediyo in ta yi gardama. Haka dai.

Yana cikin haka sai ga Alhaji Maccido, dillalin albasa, ya zo duba amfani. Sun tashi tare da Mode, kuma Maccido ya yi firamare, abin da bai taɓa bari a manta ba.

"Mi as samu matarka ta biyu, ta yi yaji?" in ji Maccido.

"Bar sheƙiyanci, karanta mani abin ga."

Maccido ya sunkuya, ya tsuke ido, leɓensa na motsi. "Cewa ta yi ta nemi rumbunta ba ta gani ba."

"Wane rumbu?"

"Akwai wani ɗan ƙarfe cikinta, had-dis suka ce mai. Nan aka tara komi, kokawarka da tsohuwarka duk. To shi na ta ce ba shi nan." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Wa at taɓa buɗe ta?"

Mode ya ɗago ya dube shi.

"A'a, ni ban ce komi ba," in ji Maccido, yana dariya. "Amma masu gyaran zamanin ga, ka kai masu akuya su maido maka fata cike da ƙaiƙayi. Wani a Sakkwato ya kai sabuwar waya..."

"Je ka dubi albasarka."

Maccido ya tafi ya bar masa ƙaya a zuciya. Da Mode ya koma gida ya kifa kwamfutar bisa tabarma. Kawunan sukurorin duk sun yi ƙarzuwa, alamar an kwance su. Ya ɗaga ta ya girgiza kusa da kunne. Wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki, kamar tsakuwa cikin gwangwani. To. An ɗebe mai nauyi an jefa tarkace ke nan.

Ya sa anka kira masa Jelani.

Yaron ya zo bayan la'asar. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure, rabinsa ciki rabinsa waje, kai a ƙasa. Anka gaisa. Mode ya tura masa kwamfutar da ƙafa.

Jelani ya kunna ta ya duba rubutun. Ya danna wani maɓalli, allo ya koma shuɗi, ya bi layi-layi da yatsa. Ya kashe, ya sake kunnawa, ya kara kunnensa a jikinta ya yi tsit kamar mai sauraren cikin mara lafiya. Sannan ya juya ta, ya shafa gindinta, ya dubi yatsunsa da sunka yi baƙi, ya kai hanci.

"Baba," ya ce a hankali, "in Baba ya je gona, ina shika aje ta?"

"Mi ya haɗa ka da inda nika aje kayana? Bisa injin."

"Injin na aiki?"

"To da mi za ni gona, in kwana?"

Jelani ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji.

"Ina sauraro," in ji Mode.

Jelani ya ƙura wa ƙasa ido.

"An ce rumbunta ba shi ciki. Kai ka buɗe ta ko ba kai ba?"

"Ni na, Baba."

"To ina shike?"

"Shina ciki, in sha Allahu."

"Ita ta ce ba shi ciki. Kai ko ita, wa am maƙaryaci?"

"Baba shi ba ni ita in tafi da ita shago. Ban zo da kayan aiki ba."

"In ba ka ita ka tafi da ita."

"Awo, Baba."

"Ka tafi da ita inda ba ni gani."

Ko sau ɗaya Jelani bai ɗago ya dubi Mode ba. Mode kuwa ya sha ganin irin wannan wuya da ya karye: haka mai gadin da ya sace masa tiyo ya tsaya, haka ɗan kwadagon da ya ɓoye albasa cikin ciyawa ya tsaya. Ya jawo kwamfutarsa ya danne da gwiwa.

"Tashi ka tafi. Allah shi kai ka lafiya."

Habi na bayan ƙofa tana jin komi. Yaron na fita ta shigo.

"Malam, mi kaka shirin yi?"

"Kin ga idonai? Ya kasa duba na."

"Yo wane suruki ka duban idon uban matatai? Kunya ta."

"Ɓarawo ma kainai ƙasa shike. Ta yaya zan rarrabe?"

"Kai da ka bincike shi har kabarin kakanninai?"

"Kakanninai ba su buɗe mani kwamfuta ba. Wanda yaɗ ɗauki abin da ba ni iya gani, shi zan danƙa ma ɗiya? Ita ma ai ba ni ganin abin da za shi yi mata in an kai ta."

Bai tsaya ba. Ya ɗauki waya ya kira Malam Giɗaɗo, baffan Jelani, wanda shi ne zai jagoranci masu zuwa. Ya ce maganar Juma'a a dakata. Giɗaɗo ya tambayi dalili. Mode ya ce akwai abin da yake dubawa. Can ɓangaren anka ce, "To, madalla," anka kashe.

Safara'u ce ta kawo masa tuwo. Ta aje, ta aje ruwan wanke hannu, ta juya. Kullum takan tsaya ta tambaye shi ko gishiri ya ji. Ran nan ba ta tambaya ba, kuma miyar ba gishiri.

Da safe ya naɗe kwamfutar cikin tsohon bargo ya ɗaure bayan mashin. Masu gyara a Goronyo duk sun san Jelani, na Wurno kuwa abokansa ne, bakinsu ɗaya. Ya wuce mararrabar Wurno bai ko waiwaya ba, ya miƙe har Rabah, inda ba wanda ya san shi balle surukinsa. Anka nuna masa rumfar wani Atiku, gajere mai faɗin kafaɗa, yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawo cikin kwalin wayoyi.

"Gabana za ka buɗe ta," in ji Mode, tun kafin sallama ta huce.

"Ko bisa kanka kaka so, sai in buɗe," in ji Atiku. "Zauna, tsoho."

"Ni ba tsoho ba na."

"To zauna, yaro."

Mode ya zauna ya matso har numfashinsa na kaɗa ɓawon gyaɗa. Atiku ya kunna, ya ga baƙin allo, ya shiga shuɗin allon nan da Jelani ya shiga, ya nuna wani layi da sukundireba. "Ka ga nan? Nan ya kamata sunan rumbun shi fito. Ba komi. Ko ya mutu, ko ya kwance, ko an ɗauke."

"An ɗauke."

"Kai ka gyara ko ni?"

Ya kwance sukurori, ya ɗaga murfi. Wani ɗan mitsitsin sukuru ya gangaro ya faɗo bisa tebur. Shi ne mai ƙwal-ƙwal. A gefe kuwa ga wani ƙarfe mai sheƙi, kamar kwalin ashana biyu a haɗe, ya karkace a gurbinsa.

"Ga wanda anka ɗauke," in ji Atiku. "Ɓarawon naka raggo na, ya bar shi nan."

Mode ya leƙa. "Wa as sani ko nawa na? Ana iya musanya shi da matacce."

"Za mu gani." Atiku ya taɓa ƙarfen da yatsa, ya yi lilo. "Dibi. Sukurorin da ka riƙe shi duk sun warware, guda ya fita. Ya zame daga bakin da shika shiga, shi ya sa ba ta ganinai. Kamar tiyo ya kuɓuce daga bakin injin: ruwa na gulbi, fangali na bushe." Ya shinshina murfin ya yamutsa fuska. "Wanga warin fetur da baƙin mai fa? Garejin makanikai taka kwana?"

"Bisa injin ban-ruwa nika aje ta."

Atiku ya daina tauna. "Shina aiki?"

"Kai ma tambayar ke nan?"

"La ilaha illallahu! Kai, bawan Allah, abin ga cikinai faifai na, shina juyawa, da allura bisanai wadda ta fi gashi siriri. Ko tebur aka bugawa ba shi so. Kai ko ka ɗora shi bisa injin shina rawa wuni guda! Bugunta kaka yi kuma?"

Mode ya dubi titi.

"Shina bugunta," Atiku ya gaya wa mai shayin da ke gefe. "Wallahi shina bugunta. Ya maishe ta jaki."

Ya tura ƙarfen cikin bakinsa har ya yi ƙas, ya ɗaure sukurori, ya kunna. Kwamfuta ta yi jim, ta yi wani ƙyat-ƙyat a ciki, sannan allo ya waye. Mode ya miƙa yatsa ya taɓa inda ya saba. Sai ga Inna Laraba da faifan wakenta: "Kai, ɗauke mani abin ga daga fuska, ɗan nema!" Hoton ya tsaya cak, ya yi ƙyat-ƙyat, ya ci gaba.

Mode ya ƙura wa allon ido. Rumbun nasa ne, ba a musanya ba.

"Ka ji ƙarar ga?" in ji Atiku. "Ya jikkata. Yau shina yi, gobe sai Allah. In kana son tsohuwar ga, kashe ta yanzu, kar ka sake kunnawa sai an kwashe abin da ke ciki an zuba ga sabo. Ni ban da na'urar kwasar mai ciwo irin wanga. Ko ka tafi Sakkwato, ko ka tafi Wurno, akwai wani yaro Jelani cikin kasuwa, shi ke da ita."

Mode ya ɗago a hankali. "Wa ya ce ka ambaci sunan ga?"

"Wane suna?"

"Ya yi maka waya ko? Ya ce ga wani nan tafe da bargo?"

"Kai, tsoho, lafiyarka? Ni ko fuskatai ban sani sosai ba."

"Hakanan za ka ce."

Ya sallami Atiku, ya naɗe kayansa. Duk tsawon hanya lissafi yake. Rumbu na ciki, gaskiya ne. Amma wa ya ce ba Jelani ya bar sukurorin a sake ba, don a dawo masa da aiki? Kuma ta yaya mutum biyu, ɗaya a Wurno ɗaya a Rabah, za su yi masa tambaya iri guda, in ba an haɗa baki ba? Masu sana'a ɗaya ba su tona wa juna asiri. Su ɗora wa injin laifi, tun da injin ba shi da baki.

To, injin nasa ne. Shi zai tambaye shi.

Bai biya gida ba, ya zarce gona. Ya rataye bargon da kwamfutar ke ciki a reshen itacen bedi, nesa. Ya ɗauko sifana daga cikin buhu, ya samo wani tsohon ƙarfe mai noti, ya ɗaura notin da hannu daidai ƙarfin da yatsa ke iyawa, ya aje shi bisa injin, daidai inda kwamfuta ke zama, inda fentin ya goge ya bar shacinta. Ya ja igiya. Injin ya tashi, ruwa ya kama tiyo. Mode ya tsuguna ya zuba ido kamar mai gadin tarko.

Ƙarfen ya fara kakkarwa. Ya soma tafiya da kansa, kaɗan-kaɗan, zuwa baki, Mode ya tare shi da ɗan yatsa. Fangali na farko bai cika ba ya ga notin ya motsa. Ya juya kaɗan. Ya sake juyawa. Ba hannun da ya taɓa shi. Yana kallo har notin ya hau ƙarshen zare ya faɗa cikin laka.

Mode ya dubi sifanar da ke hannunsa. Mi ya sa ma yake yawo da ita cikin buhu? Ai don notocin injin ne, da ke warwarewa duk mako yana bi yana ɗaurewa, yana zagin wanda ya ƙera su. Shekara da shekaru ya san wannan. Bai taɓa kawowa a ransa cewa abin bature mai allo ma da noti anka haɗa shi ba.

Ya kashe injin da ruwa bai gama zagaye gona ba, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari, Alhamis, ya shiga kasuwar Wurno da bargonsa a hammata, a ƙafa, don ya bar mashin a bakin kasuwa kada kwamfutar ta ƙara jijjiga. Shagon Jelani na jikin na Malam Giɗaɗo, mai sayar da taki da maganin feshi. Jelani na hango shi ya zame daga kan kujera ya durƙusa bayan tebur, sai hularsa ake gani. Mode ya yi kamar bai gan shi ba. Ya yi sallama ga Giɗaɗo, dogon dattijo mai farin gemu, wanda ya amsa ba tare da ya matsa masa wuri a benci ba.

Mode ya zauna a ɗan bakin da ya rage. Anka gaisa, anka tambayi ruwa, anka tambayi albasa.

"Abin da nika dubawa," in ji Mode, "na duba."

"Madalla."

"Injina na."

"Na sani."

Mode ya juyo. "Ka sani?"

"Tun ranar da ka kira shi ya dawo ya gaya mani. Ya ce, Baffa, injin ya kwance mata ciki, ga mai nan a gindinta. Ya ƙi cin abinci."

"To mi ya hana shi buɗe baki shi gaya mani? Ya bar ni ina ta yawo har Rabah wani gajere na kira na tsoho!"

Giɗaɗo ya dube shi sosai. "Malam Mode, tsakaninka da Allah. Da yaron ga ya ɗago ido cikin zaurenka ya ce, Baba, kai ka ɓata ta da hannunka, da mi za ka ce?"

Mode ya sosa ƙeya. Ƙarya ba ta cikin halinsa.

"Da na ce ba shi da kunya. In hana shi ɗiya."

"To ka gani. Ya yi magana ya rasa, ya yi shiru ya rasa. Wace ƙofa ka bar mai?"

Mai shagon gaba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mode ya harare shi, ya dawo da kallonsa kan bargo.

"Maganar gobe," ya ce.

"Wace gobe? Wadda ka ɗage? Na riga na aika ma 'yan'uwana na Marnona cewa an dakata. Sun tambaye ni ko an samu yaronmu da wani abu. Ban san mi zan ce masu ba."

"Ce masu ba a samu ba."

"Ni zan ce? Ni na ɗage?"

Mode ya ja numfashi. Ya gane inda dattijon ya nufa, kuma hanyar Marnona ba ta da nisa, sai dai nauyi. "Ni za ni. Yau. In gaya masu da bakina."

Sai a lokacin Giɗaɗo ya matsa masa wuri a benci.

Mode bai gyara zama ba. Ya miƙe, ya taka zuwa teburin Jelani, ya aje bargon a hankali kamar mai aje ƙwai. Bai dubi hular da ke bayan tebur ba, Giɗaɗo ya duba.

"Malam Giɗaɗo, gaya ma yaron ga tsohuwata na cikin abin ga, kuma an ce rumbun ya jikkata. Shi kwashe ta shi zuba ga sabo."

"Ya ji. Sai dai aikin ba na tsaye ba na. Sai ta kwana nan, wata ƙila ta ƙara. Za ka zauna ka tsare?"

Hannun Mode na bisa bargon. Ya daɗe a nan. Shagon cike yake da gawarwakin kwamfutoci, ciki a buɗe, wayoyi a waje, kowace kamar kowace. In an musanya masa wani abu a nan, har abada ba zai sani ba.

Ya ɗauke hannun.

"Ta kwana," ya ce. "In kun taho gobe, kar shi aiko da ita. Shi riƙe ta sai ya gama."

Daga bayan tebur wata murya ta ce, "Allah shi ƙara girma, Baba."

Mode ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya kama hanyar bakin kasuwa. Ya kai rumfar masu tattasai sai ya tsaya, ya dawo da sauri har gaban Giɗaɗo.

"Bargon," ya ce. "Nawa na. A ba ni abina."

Anka warware anka miƙo masa. Ya kaɗe shi, ya duba gefe da gefe, ya saɓa a kafaɗa, ya tafi neman hanyar Marnona.